Janar Doni Monardo: Sojan da ya tari ambaliya da dashen bishiya, da ƙofar da aka buɗe saboda shi

Ka san maganar nan da ake yi a teburin mai shayi duk lokacin da ruwa ya ci wani gari: "Wallahi da soja aka ba wa aikin nan, da tuni an wuce wurin." Mai yiwuwa kai ma ka taɓa faɗar ta, ko bayan madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri a Satumbar 2024, ko bayan abin da ya faru a Mokwa a ƙarshen Mayun 2025. Ba na ganin laifinka. Wanda ya ga jami'an agaji sun iso bayan an gama binne gawa, dole ransa ya yi sha'awar mutumin da zai ba da oda a bi nan take.

To, akwai ƙasar da ta gwada wannan shawara da gaske, ta kuma yi dacen samun sojan da ya iya aikin. Ƙasar ita ce Indonesiya, sojan kuma Laftanar Janar Doni Monardo, wanda ya shugabanci hukumar yaƙi da bala'o'i ta ƙasar, BNPB, daga Janairun 2019 zuwa Mayun 2021. Ina so ka bi ni mu duba abin da ya yi, sannan mu duba abin da aka yi da sunansa bayan ya tafi, domin na biyun shi ne inda ƙura take.

Bari mu fara da ƙasar kanta. Indonesiya tarin tsibirai ce, sun haura 17,000, mutanenta sun wuce miliyan 270, mafi yawansu Musulmi. Allah Ya zaunar da ita a kan mahaɗar faifan ƙasa masu motsi, saboda haka girgizar ƙasa, aman wutar duwatsu, igiyar tsunami, ambaliya da zaftarewar ƙasa duk 'yan gida ne a can. Ranar 26 ga Disamba, 2004, tsunami ta afka wa lardin Aceh ta hallaka mutum sama da 160,000 a Indonesiya kaɗai. Wannan masifar ce ta sa aka yi dokar kula da bala'o'i a 2007, aka kafa BNPB a 2008.

Shekara goma bayan kafa ta, sai 2018 ta zo ta tona asirin komai. Girgizar ƙasa a tsibirin Lombok ta kashe sama da mutum 500. Ranar 28 ga Satumba girgiza da tsunami suka haɗu a kan birnin Palu, ƙasa ta narke ta haɗiye unguwanni, sama da mutum 4,000 suka rasu. Kafin a share hawaye, ranar 22 ga Disamba gefen dutsen Anak Krakatau ya rufta cikin teku, igiyar ruwa ta taso da dare ba gargaɗi ta kashe sama da mutum 400. A tsakiyar wannan ne kakakin hukumar ya fito ya gaya wa duniya cewa na'urori 22 da aka girke a teku don gano tsunami ba sa aiki tun 2012. Wasu an sace, wasu sun lalace, kuɗin gyara babu. Shekara shida kenan ba wanda ya damu. Wannan ita ce hukumar da Shugaba Joko Widodo, wanda aka fi sani da Jokowi, ya damƙa wa Doni ranar 9 ga Janairu, 2019.

In ka karanta tarihin aikinsa a takarda, ba za ka ce mai dashen bishiya ba ne. An haife shi a 1963 a Cimahi da ke yammacin tsibirin Java, ya gama makarantar horar da hafsoshi a 1985, ya shiga Kopassus, rundunar zaratan sojoji masu jar hula. Wannan runduna, a faɗi gaskiya, ba ta da kyakkyawan suna wajen masu kare haƙƙin ɗan Adam, saboda abubuwan da aka zarge ta da su a Timor ta Gabas da Aceh, da kuma sace 'yan gwagwarmaya a ƙarshen mulkin Suharto. Doni yana cikin waɗanda aka tura aikin ceto jirgin ruwan Sinar Kudus da 'yan fashin tekun Somaliya suka kama a 2011. Ya zama kwamandan masu tsaron shugaban ƙasa daga 2012, ya zama kwamandan Kopassus ɗin gaba ɗaya a 2014. Soja ne na bindiga, ba na ofis ba.

Inda halinsa ya fara fitowa shi ne Maluku, inda aka tura shi kwamandan yanki a 2015. Tsibiran nan sun sha rikicin Musulmi da Kirista daga 1999 zuwa 2002, dubban rayuka suka salwanta, kuma ko bayan sulhu ƙauyuka na ɗauke da gaba. Doni ya ɓullo da shirin da ya kira shuɗin zinare da koren zinare, wato kiwon kifi a teku da dashen itatuwa masu kawo kuɗi, a yankin da tun fil'azal aka san shi da kanumfari. Lissafinsa mai sauƙi ne: saurayin da ke da kejin kifi a ruwa da gonar da yake jiran ta yi 'ya'ya, zai yi tunani sau biyu kafin ya ɗauki adda.

Amma aikin da ya sa sunansa ya karaɗe ƙasar shi ne kogin Citarum. A nan zan ɗan daɗe, don a nan ake ganin ƙarfin soja da kuma iyakarsa a wuri guda.

Citarum kogi ne mai tsawon kusan kilomita 300 a Yammacin Java. Miliyoyin mutane ne ke sha, ke noma, ke samun wutar lantarki daga gare shi, kuma babban kaso na ruwan famfon Jakarta daga madatsarsa ta Jatiluhur yake zuwa. Duk da haka ya yi suna a matsayin ɗaya daga cikin koguna mafiya ƙazanta a duniya. Masaƙu da kamfanonin rini da ke kewayen Bandung suna zuba ruwan guba kai tsaye, yau kogi ya yi ja, gobe ya yi baƙi. Shara ta rufe saman ruwa har mai kwale-kwale ya bar kamun kifi ya koma tsintar roba. A can sama wajen mafarin kogin kuma an sare daji an mai da shi gonakin kayan lambu, ruwan sama na wanke ƙasa yana cike kogi, damina na zuwa unguwannin kudancin Bandung su nutse. An sha yin shirye-shiryen gyara, an ci bashin bankunan ƙasa da ƙasa, kogi yana nan yadda yake.

Da aka naɗa Doni kwamandan yankin Siliwangi a ƙarshen 2017, sai ya ɗauki kogin kamar fagen daga. Shi ne ƙashin bayan shirin da aka sa wa suna Citarum Harum, ma'ana Citarum mai ƙamshi, wanda Jokowi ya ƙaddamar a Fabrairun 2018 ya ba shi wa'adin shekara bakwai. Aka yanka kogin gunduwa-gunduwa sama da ashirin, kowace gunduwa aka ɗora mata Kanar guda. Sojoji suka tare a ƙauyuka suna kwana da jama'a, suna kwashe shara, suna raino da dashen itatuwa a kan tuddai. Kamfanin da aka kama yana sakin guba kuwa, sai sojoji su zo da siminti su toshe bututun. Ka ga irin abin da ke burge mu ke nan, ko? Ba dogon turanci, ba kwamiti, ba "muna kan bincike". Kuma ya yi tasiri, domin masu kamfanin da suka saba sallamar jami'in muhalli da ambulan sun ga wanda ba sa iya kallon idonsa.

Sai dai ka tsaya ka yi tunani. Me ya sa sai da Kanar ya zo da buhun siminti? Saboda ma'aikatar muhalli da kotu da ƙaramar hukuma, waɗanda doka ta ɗora wa aikin, sun kasa ko sun ƙi. Simintin ya toshe bututu, amma bai gyara waɗannan ofisoshi ba. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

A BNPB, abin da ya bambanta Doni da yawancin masu irin kujerarsa shi ne ya fi damuwa da abin da ake yi kafin bala'i fiye da rabon shinkafa bayansa. Lokacin gobarar daji ta 2019, wadda ta cinye sama da hekta miliyan ɗaya da rabi a faɗin ƙasar, akasari a Sumatra da Kalimantan, hayaƙi ya rufe makarantu har a Malesiya, ya fito ƙarara ya ce kusan duk gobarar nan hannun mutum ne, kuma yawancin filayen da suka ƙone daga baya gonakin kasuwanci suke zama. A ƙasar da attajiran manja ke da dogon hannu a siyasa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. A shekarar dai hukumarsa ta bi ɗaruruwan ƙauyukan gaɓar kudancin Java ɗaya bayan ɗaya tana koya wa mutane alamun tsunami da hanyar gudu zuwa tudu, domin na'ura na iya mutuwa, amma tsohuwar da ta san cewa in ƙasa ta girgiza a bar bakin teku ba ta buƙatar batir.

Bayan ambaliyar da ta buɗe shekarar 2020 a Jakarta da zaftarewar ƙasa a Sukajaya da ke yankin Bogor, sai ya dage kan dasa wata ciyawa da ake kira vetiver, 'yar uwar jemar nan tamu ta fadama. Saiwarta na nutsawa mita da dama cikin ƙasa, tana riƙe gangaren tudu kamar an ɗinke shi. Har Jokowi ya je da kansa aka yi dashen. Janar mai tauraro uku, tsohon kwamandan zaratan sojoji, yana yawo yana tallar ciyawa. Wani zai yi dariya, amma ciyawar ta fi katangar kankare araha nesa ba kusa ba, kuma babu ɗan kwangilar da zai ci rabin kuɗinta.

Sai korona ta zo. An tabbatar da masu cutar na farko ranar 2 ga Maris, 2020, kafin tsakiyar watan an naɗa Doni shugaban kwamitin yaƙi da annobar na ƙasa. An yi ta ba da labarin yadda ya koma kwana a ofis. Babu mai shakkar ƙwazonsa, amma sakamakon bai yi kyan da za a yi tutiya da shi ba. Gwaji ya yi ƙaranci a watannin farko, alƙaluman gwamnatin tsakiya da na larduna suna karo da juna, likitoci da yawa suka mutu. Masana cututtuka sun yi ta ƙorafin cewa janar-janar sun cika teburin yanke shawara, su kuma an bar su a baya. Ministan lafiya na lokacin, Terawan Agus Putranto, shi ma janar ne kuma likitan soja, kuma shi ne ya yi ta nuna cewa babu abin tayar da hankali tun kafin cutar ta bayyana. Sai da aka sauke shi a Disambar 2020 aka kawo ma'aikacin banki, Budi Gunadi Sadikin. Kaki ɗaya, mutum biyu, aiki daban-daban.

Shi kansa Doni ya taka sawun ɓarawo a Nuwambar 2020. Fitaccen malamin nan mai zafin ra'ayi, Rizieq Shihab, ya dawo daga Saudiyya ya shirya taron Maulidi da bikin auren 'yarsa a Jakarta, dubban mutane suka yi cincirindo a lokacin da aka hana talaka taron suna. Maimakon a hana, sai kwamitin Doni ya aika da takunkumin fuska 20,000. Jama'a suka fusata: ashe doka ta mai ƙaramin ƙarfi ce? Ya fito ya ba da haƙuri, ya ce niyyarsa rage yaɗuwar cuta ce tunda an kasa hana taron. Ni dai abin da na gani a nan shi ne, in magana ta zama ta siyasa da addini da yawan mabiya, tauraron kafaɗa ba ya yanke ta. Janar ma lallaɓawa yake yi kamar kowa.

A Janairun 2021, bayan ya yi kwanaki yana zirga-zirga tsakanin girgizar ƙasar Mamuju a Sulawesi da ambaliyar Kalimantan ta Kudu, shi ma cutar ta kama shi. Ya warke, ya miƙa ragamar hukumar ranar 25 ga Mayu, 2021, dab da ritayarsa. Ya rasu ranar 3 ga Disamba, 2023, yana da shekara 60, aka binne shi a maƙabartar gwarazan ƙasa ta Kalibata. Allah Ya jiƙansa.

Yanzu ga ƙofar da na ambata a sama. Shekara 32 Suharto ya yi yana mulki a kan wata aƙida da suke kira dwifungsi, wato soja na da aiki biyu: tsaron ƙasa da kuma tafiyar da ita. Hafsoshi masu ci suka zama gwamnoni, ministoci, shugabannin kamfanonin gwamnati, har da kujerun majalisa da aka ware musu ba tare da zaɓe ba. Ɗalibai ne suka fito titi a 1998 suka kawo ƙarshen wannan, wasunsu da ransu suka biya. Dokar soja ta 2004 ta zo ta ce hafsan da ke son muƙamin farar hula ya tuɓe kaki tukuna, in ban da hukumomi goma da aka lissafa. BNPB ba ta cikin goman.

Doni kuwa yana cikin kaki aka naɗa shi. Yaya aka yi? Kafin a rantsar da shi sai da Jokowi ya sa hannu a sabon umarnin shugaban ƙasa, mai lamba 1 na 2019, wanda ya halatta wa soja mai ci riƙe hukumar. Masu fafutuka sun yi magana a lokacin, amma wa zai saurare su? Ana cikin makokin Palu da Krakatau, ga mutum mai kyakkyawan suna, sai ka zama kamar mai neman tayar da zaune tsaye. Da ya tafi, wanda ya gaje shi, Ganip Warsito, janar ne mai ci. Wanda ya gaji wannan, Suharyanto, shi ma haka. Abin da aka yi a matsayin larura saboda mutum ɗaya ya zama gado. Ranar 20 ga Maris, 2025, a ƙarƙashin Shugaba Prabowo Subianto, wanda shi ma tsohon kwamandan Kopassus ne, majalisa ta gyara dokar soja ta mai da hukumomin nan goma zuwa 14, BNPB na ciki. Ɗalibai, sa'o'inka, suka sake cika tituna a birane da dama suna cewa ana dawo musu da abin da iyayensu suka kora.

A ƙarshen Nuwambar 2025 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya sauka a arewacin tsibirin Sumatra. Ambaliya da zaftarewar ƙasa suka kashe sama da mutum 1,000 a lardunan Aceh, Sumatra ta Arewa da Sumatra ta Yamma. Ruwan ya riƙa gangarowa da manya-manyan gungumen itace, abin da ya sa jama'a suka nuna yatsa ga masu sare daji, daidai abin da Doni ya yi shekaru yana gargaɗi a kai. Shugaban BNPB na lokacin, Janar Suharyanto, ya yi suɓutar bakin cewa a shafukan sada zumunta ne abin ya fi kama da tashin hankali. Da ya je ya gani da idonsa sai ya nemi gafara. Kujera ɗaya ce, kakin ma iri ɗaya ne, amma an gaji kakin ba a gaji mutumin ba.

Kuma kada ka ɗauka duk amanar da mutanen Indonesiya suka ba hukumar nan daga bariki ta fito. Kakakin da na ce ya tona zancen na'urorin tsunami, sunansa Sutopo Purwo Nugroho, farar hula ne, masanin ruwa da yanayin ƙasa. Yana fama da sankarar huhu a matakin ƙarshe, amma daga gadon asibiti yake fitar da alƙaluma yana ƙaryata jita-jita a Twitter, har ya zama in bai faɗa ba mutane ba sa yarda. Ya rasu a Yulin 2019. Ba shi da ko igiya ɗaya a kafaɗa.

Mu ma nan ba baƙon abu ba ne a ga hafsa a irin wannan kujera. Shugaba Buhari ya naɗa Air Vice Marshal Muhammadu Alhaji Muhammed shugaban NEMA a 2020, sai dai shi ya riga ya yi ritaya, kuma wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Mai ritaya farar hula ne a idon doka: majalisa za ta kira shi, kotun kowa da kowa za ta saurari ƙararsa, ɗan jarida zai tambaye shi ina kuɗin tabarma da buhunan masara suka shiga ba tare da gabansa na faɗuwa ba. Mai ci kuwa yana da wani ubangidan a hedikwatar tsaro. Babu mai musun cewa ranar da ruwa ya kai wuya, soja ne ke da jirgin sama mai saukar ungulu da kwale-kwale da gadar wucin gadi da samarin da za su shiga ruwa in an ce su shiga. A kira su, su zo da gudu. Amma duba madatsa kafin ta tsage, hana mai kuɗi gini a kan hanyar ruwa, yashe magudana a watan Afrilu, biyan kuɗin gyaran na'ura shekara bayan shekara, waɗannan aikin injiniya ne da mai binciken kuɗi da alƙali da kansila. Doni ya yi fice ne saboda ya gane haka ya karkata can, kuma ba a makarantar harbi ya koyo shi ba.

Mu koma Citarum kamar yadda na yi maka alkawari. Ma'aunin gwamnati ya nuna ruwan kogin ya inganta, daga mummunar ƙazanta zuwa mai sauƙi, kuma mazauna bakinsa da dama sun shaida cewa wari ya ragu. Amma a Yunin 2024, saura 'yan watanni wa'adin shekara bakwai ya cika, hotuna suka fito daga Batujajar a yammacin Bandung: shara ta rufe kogin daga wannan gaɓa zuwa waccan, masu kwale-kwale na kutsawa cikinta da ƙyar. Aka sake tara jami'ai da sojoji da manyan motoci aka yi kwanaki ana kwasa, alhali garuruwan da ke sama, waɗanda har yanzu ba su da isassun motocin shara da wuraren zubar da ita, suna ci gaba da turo wata.